Wa Zai Tsaya Wa Takardar?

Jama'a masu sauraronmu a Salaga da Kpembe da Makango, da na Yendi har Tatale da Saboba, da na Bawku da Pusiga da Kulungugu, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka a Sinkasi da Bitu, barkanmu da war haka. Ardo-ardo da ke ruga, fatake da ke bisa hanya, direbobin da suka kwana a boda suna jiran a buga musu hatimi, Allah ya sa mu ji alheri.

Maganar da na zo da ita yau, in mutum ya ji kanta sai ya ce ba tasa ba ce. Magana ce a kan fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da AI, da yadda malaman jami'a da ɗalibai da masu binciken kimiyya suka shiga amfani da ita wajen rubuta takardunsu. Na san wani zai ce, "To malam, ina ruwan biri da gada? Ni da ke bin shanu, me ya haɗa ni da takardar farfesa?" Ɗan ba ni aron kunnenka tukuna.

Ku tuna watan Yunin 2023. Ciwon saifa ya ɓulla a Binduri da Talensi da Bawku ta Yamma da Bolga, dabbobi suka faɗi, har aka yi asarar ran ɗan Adam. Hukumar yankin Upper East ta hana yawo da shanu da tumaki da awaki, ta hana sayarwa, ta hana yanka, na tsawon wata guda, ga kuma Babbar Sallah ta ƙarato. Wanda ya ci bashi ya tara raguna a wannan shekara ya san abin da ya ji a jikinsa. Labarin ya tsallaka har Najeriya, inda gwamnati ta ja kunnen jama'a game da cin ganda. To, a kan me aka gina wannan hukunci mai nauyi? A kan rahoto. Likitan dabbobi ya ɗauki samfur, an duba a ɗakin gwaji irin namu na Pong-Tamale, an rubuta abin da aka gani, wani ya sa hannu. Allurar rigakafin da aka bi rugage ana yi ita ma daga takarda ta fito: wani masani mai suna Max Sterne ne ya yi gwaje-gwajensa a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, ya rubuta yadda ya yi, wasu suka maimaita suka ga haka ne, shi ya sa har yau ake tsira wa saniyarka ita.

Haka abin yake a sauran wurare. Inda za a haƙa dam, inda za a bar burtali, kasuwar da za a gyara wa wurin lodi, garin da za a ajiye likitan dabbobi, duk sai an fara da abin da suke kira bincike. Takardar izinin ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita a 1998, ita ma rahotannin masana ne suka share mata hanya. Kai ba ka karanta waɗannan takardu, amma wanda ke yanke hukunci a kanka yana karantawa, ko kuma yana karanta wanda ya karanta. Saboda haka in an samu sabon hannu da ya shiga rubuta su, ya kamata mu san ko hannun wane ne.

Mece ce ita wannan na'ura? Wadda ta fi suna ita ce ChatGPT, ta kamfanin OpenAI na Amurka, wadda aka saki ranar 30 ga Nuwamban 2022. Google yana da tasa, Gemini. Ɗan zoben nan mai shuɗi-shuɗi da kuke gani a WhatsApp, Meta AI, shi ma ɗan gidan ne. Yadda aka yi su shi ne, an ɗura musu rubutu mai yawan da mutum ba zai iya karantawa ba ko da zai rayu shekara dubu, daga littattafai da jaridu da shafukan intanet, har suka gane wace kalma ta saba bin wace. In na ce muku "saye da…", kowa zai cika da "sayarwa". In na ce "Allah ya ba da…", za ku ce "sa'a". To wannan cikon shi ne asalin aikin na'urar, sai dai ta ƙware a kansa ƙwarewa mai ban mamaki, har takan cika shafi ashirin kafin shayinka ya huce.

Ku ɗauke ta kamar yaron da ya tashi a bakin kara. Ya ji dillalai suna ciniki tun yana goye, ya san inda ake cewa albarka, ya san inda ake cewa a sallama, in ya buɗe baki sai ka rantse tsohon hannu ne. Amma bai taɓa buɗe bakin saniya ya ƙirga haƙoranta ba. Sau da yawa abin da zai faɗa daidai ne, don daga bakin masana ya ji. Ranar da bai sani ba kuwa, muryarsa ba ta canzawa, da irin wannan ƙarfin gwiwar zai ba ka amsa.

Kada ku ɗauka abin ɗan kaɗan ne a duniyar masana. Wasu masu bincike, akasarinsu daga Jami'ar Tübingen ta Jamus, sun duba taƙaitattun bayanan takardun likitanci sama da miliyan 15, suka lura da kalmomin da suka yawaita kwatsam bayan fitowar ChatGPT. Lissafinsu ya nuna aƙalla kashi 13.5 cikin ɗari na waɗanda suka fito a 2024 na'ura ta sa hannu a cikinsu, wato kusan ɗaya cikin bakwai.

Yanzu bari in koma inda kuka fi ni sani. Baƙo ya sauko da shanu daga Burkina, ya iso Bawku ko Gushegu, ko ya zarce Kumasi ko Tulaku. Ba wanda ya san shi. Mahauci kuma yana son ya ɗauka bashi, sai ya yanka ya sayar zai biya. Me ke haɗa waɗannan mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba? Fatoma da dillali. Mai gida ya sauke baƙo, ya tsaya masa cewa dabbar ba ta sata ba ce, ya tsaya wa mahauci cewa kuɗin za su fito. In bayan kwana uku wani ya zo ya ce wannan bijimin nawa ne, ga shaidata a cinyarsa, ba bijimin ake tambaya ba, dillali ake nema. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayawar ce. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, wadda ta yi aiki a jami'ar Legon, ta rubuta takarda a kan wannan tsari namu da mahautan Kumasi tun 1966, har yau masana tattalin arziki suna komawa gare ta.

Takardar kimiyya ma haka take tafiya. Sunan da ke samanta shi ne dillalinta. Mai wannan suna yana cewa: ni na je, ni na auna, in an samu ƙarya ni za a kama. Shi ya sa a watan Janairun 2023, bayan wasu sun fara jera ChatGPT cikin sunayen marubuta, mujallar Nature ta Ingila, ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyya na duniya, ta ce ba za ta karɓi haka ba. Dalilinta shi ne na'ura ba ta iya ɗaukar alhakin abin da ta rubuta. Ba a kiran ta gaban kwamiti, ba a korar ta daga aiki, ba ta jin kunya. Wanda ya yi amfani da ita, in ji su, ya bayyana a cikin takardar cewa ya yi, da kuma inda ya yi. Yawancin manyan mujallu a kan wannan ƙa'ida suka tsaya. Duk ɗan kasuwar da ke saurarena ya riga ya fahimci hikimar abin tun kafin in gama faɗa.

Me ke faruwa in dillali ya yi barci? Kowace takardar bincike tana ƙarewa da jerin littattafai da takardun da marubuci ya dogara da su, abin da 'yan boko ke kira manazarta. Su ne shaidunsa. Malamanmu na zaure ma haka suke yi, in sun kawo magana sai su ce littafi kaza, babi kaza, mai shakka ya je ya duba. To na'urar nan tana iya ƙirƙiro shaidun da ba a haifa ba. Za ta ba ka sunan farfesa na gaske, da sunan mujalla ta gaske, da shekara da lambar shafi, amma takardar babu ita a doron ƙasa. Wasu Amurkawa biyu, Walters da Wilder, sun gwada a 2023: cikin manazartar da tsohon samfurin ChatGPT ya ba su, kashi 55 cikin ɗari ƙagaggu ne, sabon samfurin lokacin kuma kashi 18. An samu gyara daga baya, musamman a waɗanda ke leƙa intanet kafin su amsa, amma cutar ba ta warke ba. A 2024 ma an ga wata takarda a kan batir a wata mujallar kamfanin Elsevier, wadda gabatarwarta ta buɗe da amsar da na'ura kan ba wanda ya sa ta aiki, irin "to, ga gabatarwar da za ta dace da batunka." Marubutan sun kwafa har da wannan, masu tacewa ba su gani ba, sai da masu karatu suka yi ta dariya sannan aka janye ta.

Wannan abin dariya ne. Ga wanda ba na dariya ba. A 2023 wasu likitocin ido a Italiya, da gangan don su nuna haɗarin, suka sa na'urar ta ƙirƙiro bayanan marasa lafiya da ba su wanzu ba, da shekarunsu da sakamakon aikin da aka yi musu, yadda lissafi zai nuna wata tiyata ta fi wata. Ta yi, kuma in ba ƙwararre ya zauna ya tsefe ba, sai ya wuce. A 2025 kuma kamfanin Deloitte ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani ɓangare na kuɗin wani rahoto na dalar ƙasar 440,000, bayan wani malamin jami'a a Sidni ya gano manazartar ƙarya a ciki, har da maganar da aka jingina wa alƙali alhali bai faɗa ba. Ostireliya ke nan fa, inda masu dubawa suke da yawa. Ku kawo abin gida. A ce an tura mutum ya yi wa makiyaya ɗari biyu tambayoyi tsakanin Yendi da Gushegu. Mai ya yi tsada, hanya ta lalace da damina, shi kuma ba ya jin Fillanci. Ya tambayi ashirin, na'ura ta cika masa sauran. Irin wannan ha'inci ya girmi kwamfuta, an daɗe ana zama gindin bishiya ana cika fom. Bambancin shi ne da can mai ha'inci yakan gaji, amsoshinsa su yi kama da juna, a kama shi. Ita ba ta gajiya.

Ko da ba ha'inci, akwai matsalar da ta fi shafar mu. Na'ura abin da aka rubuta kawai ta sha. Me aka rubuta a kanmu? Hausa tana da ɗan rabo a intanet. Fillanci da Dagbani da Kusal da Gonja da Bisa nasu bai kai ko kusa ba, ko da yake samarin Tamale sun yi abin a yaba da suka tsayar da Wikipedia ta Dagbani a 2021. Abin da ke akwai da Turanci a kan makiyayi a Ghana kuwa, galibinsa labarin rana mai muni ne: an ci gona, an yi faɗa a Agogo, an kori shanu. Masana biyu, Kaderi Noagah Bukari da Nikolaus Schareika, sun wallafa bincike a 2015 a kan yadda ake yi wa Fulanin Ghana kuɗin goro, ana siffanta su da 'yan fashi da masu tayar da fitina, da yadda hakan ke kai ga ware su. Bafulatanin da ya yi shekara talatin yana kiwon shanun Badagombe ko Bakusashe, yana shan nono, mai shanu yana samun taki a gonarsa, ba a taɓa jin kansu ba, shi ba ya shiga jarida. Sai mutum ya buɗe littafi irin na Farfesa Steve Tonah na Legon a kan Fulanin Ghana, wanda ya fito a 2005, sannan zai tarar da shi. In ɗalibi ya ce wa na'ura ta rubuta masa gabatarwa a kan makiyayan arewacin Ghana, daga tulun da ya fi cika za ta ɗebo. Shi ya ɗauka ya miƙa, wani ya kafa hujja da shi, na'ura ta gaba ta sha daga nan. Hajiyar da ke tsallaka albasa da kaɗanya da waken suya a motokin ta ƙananan hanyoyi ita ko a tulun ba ta, don cinikinta bai taɓa shiga littafin kwastam ba.

Mutanen Salaga, wannan ɓangaren naku ne. Garinku yana da tsohuwar alaƙa da rubutun masana, fiye da yadda yaran yanzu suka sani. Alhaji Umaru, wanda wasu ke kira Imam Imoru, an haife shi a Kano wajen 1858, ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fataken goro ya zauna a Salaga. Bayan yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin sai ya koma Kete-Karaci, ya yi limanci a can har ya rasu a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, da samfurori da mutum zai bi. Kun ga neman taimako wajen tsara magana ba yau aka fara ba. Sarki yana da magatakarda, falke yana zuwa wurin malami ya rubuta masa, iyayenmu sun zauna gaban masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Ba wanda ya ce wasiƙar ta zama ta malamin. Kai ka faɗi abin da ke ranka, ya tsara, ya karanta maka, ka ce haka ne ko ba haka ba ne, sannan a rufe. Wannan karantawar ta ƙarshe ita ce masu gaggawar yau suke tsallakewa.

Alhaji Umaru ya yi hulɗa da Jamusawa biyu: Krause, wanda ake kira Malam Musa, da Adam Mischlich a Kete-Karaci. Mischlich ya sa shi ya rubuta da ajami abin da ya sani na ƙasar Hausa, noma da kiwo da sana'o'i da fatauci da tarihin sarakuna. A Turai littattafan da sunan Baturen suka fito. Amma da yake sunan malamin bai ɓace daga takardun ba, a 1973 wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya fitar da su da Turanci da sunan mai su. Paul Lovejoy, wanda littafinsa a kan ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja ya fito a 1980, ya amfana da su, ya kuma zauna da tsofaffin fatake a Kano ya ji daga bakinsu. A farkon shekarun 1960 Ivor Wilks na Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon da Alhaji Usmanu Boyo sun bi zango-zango suna aron rubuce-rubucen malamai, a ɗauki hotonsu, a rubuta daga hannun wa aka karɓa, a mayar wa mai shi. Don haka in yau wani ya faɗi wata magana a kan kasuwar Salaga ta da, ana iya bin sawunta ɗaya bayan ɗaya har a isa ga mutumin da ya gani da idonsa. Na'ura in ta tauna magana sawun ne ke ɓacewa. Ga shi kuma waɗancan takardu rubutun hannu ne na Larabci da ajami, ba su ne suka cika intanet ba. Garin da ake yi wa kirari da yawan rijiyoyi, ita daga kududdufin bakin hanya ta fi sha. Ko abu mai sauƙi kamar cewa tun 2019 Salaga tana yankin Savannah tana iya rikita shi, don tsofaffin rubuce-rubuce duk Northern suka ce.

Kada a ce na zo ɓata ta ne. Wallahi tana da amfani, kuma 'ya'yanmu suna cikin waɗanda suka fi buƙatarta. Yaron Zangon Bawku ya tashi da Hausa, ya ji Kusal a kasuwa, ya ji Mosanci wurin baƙin babansa, Turanci shi ne harshensa na uku ko na huɗu. Ya yi wata shida yana bin garke yana ɗibar jini don ya gano yawan sammore, aikinsa mai kyau, amma mujalla ta dawo masa da takarda ta ce a gyara Turanci. Masu gyaran kuwa da dala suke karɓa. In na'ura ta daidaita masa jimla, ta nuna masa inda maganarsa ta cuɗe, ta taimaka masa ya fahimci takardar Faransanci da aka rubuta a Wagadugu a kan irin cutar da yake bi, ni ban ga laifi ba. Jinin shi ya ɗiba, lissafin nasa ne. Sharaɗi dai ya karanta kowane layi, ya buɗe kowace takardar da ya ambata da hannunsa, sannan ya faɗa cewa ya yi amfani da ita.

Akwai ma zaluncin da ke fitowa ta ɗaya gefen. An ƙera wasu manhajoji da ake cewa suna gane rubutun na'ura, makarantu suna dogara da su. Masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada guda bakwai a 2023, da rubutun ɗalibai 91 waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne, rubutun da mutane suka yi da hannunsu. A matsakaici kashi 61 cikin ɗari aka ce na na'ura ne, alhali na yaran Amurka kusan duka ya wuce lafiya. Dalili, wanda ya koyi harshe a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, manhajar kuma sai ta ɗauki hakan alamar na'ura. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar ganewar a watan Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta. A 2024 'yan Najeriya sun yi caa a intanet da wani attajirin fasaha, Paul Graham, ya ce kalmar delve alamar ChatGPT ce, suka ce mu tun a sakandare muke rubuta ta. Saboda haka, Alhaji, in an ce ɗanka ya yi satar rubutu don wata manhaja ta faɗa, kada ka ɗaga sanda tukuna. A zaunar da shi a yi masa tambayoyi a kan aikin. Wanda ya yi da kansa ba ya ɓoyuwa.

Mu a arewa mun ga abin da bincike na ƙafa yake haifarwa. A Navrongo, nan kusa da Paga, daga ƙarshen shekarun 1980 ma'aikata suka riƙa bin gida-gida a ƙasar Kasena da Nankana, suna ba yara sama da 20,000 ko dai sinadarin bitamin A ko wani abin da ba magani a ciki, suna komawa suna ƙirga wa ya rayu. Sakamakon da ya fito a mujallar Lancet a 1993 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 19 cikin ɗari. Ɗan ƙwanson da nas take matsa wa jaririnki a baki ranar awo, Hajiya, wannan aiki yana cikin hujjojinsa. Ba na'urar da za ta iya samar da wannan adadi, don kafin a je a ƙirga babu shi a ko'ina. Jami'ar UDS ta Tamale, da aka kafa a 1992, a kan wannan tunani ta tsara zangon karatunta na uku, inda ɗalibai ke tarewa a ƙauyuka makonni suna rubuta abin da suka gani. Da yawanku kun sauke su, kun ba su tabarma da ruwa.

Iyaye masu sayar da ɗan maraƙi don biyan kuɗin makaranta, ba sai kun iya Turanci za ku duba aikin ɗanku ba. In ya zo hutu ya ce yana rubuta kundin kammala karatu, ka ce ya ba ka labarinsa da Hausa. Wane gari ka je? Wa ya sauke ka? Mutum nawa ka tambaya, me ya fi ba ka mamaki a abin da suka ce? In a kan kiwo ne, ai kai ne farfesan. Wanda ya je zai kawo maka abin da ba ka zata ba, har ku yi gardama. Wanda na'ura ta yi wa zai ba ka magana sumul wadda ta dace da kowane gari.

In kuma mai bincike ya iso ruga ko rumfa da fom da waya, a karɓe shi da mutunci, don rashin amsawarku shi ke barin fili ga masu cikawa da ka. Amma ku ma kuna da tambayoyinku. Wace makaranta ko hukuma ta aiko shi, wane malami ke duba aikinsa? Muryar da yake ɗauka ina za ta? Yanzu da yawa suna zuba hirar da suka naɗa cikin irin waɗannan manhajoji don su mayar musu da ita rubutu ko su fassara, abin da ke nufin maganarka tana iya tafiya kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma ƙa'idar bincike ita ce sai da yardarka, kana da ikon cewa a cire sunanka, ko ka ƙi amsa wata tambaya. Adadin shanunka, da hanyar da kake bi da kaya, da ranar da kake dawowa da kuɗi, ba abin da za a haɗa da sunanka ba ne. Mutanen Bawku ba sa buƙatar in yi musu dogon bayani a kan abin da suna a wurin da bai dace ba yake jawowa.

Sannan ku roƙi abu guda kafin ya tafi: in ya gama, ya dawo ya karanta muku abin da ya rubuta, da Hausa ko Fillanci ko Dagbani, a gaban Ardo ko sarkin zango ko shugabar 'yan kasuwa. In ya rubuta mashaya uku alhali ɗaya ta ƙafe tun bara, ku gyara masa a nan, kafin takardar ta kama hanyar Tamale da Ankara. In tafiyar ta yi masa nisa, ya turo saƙon murya, ai yana da lambar wanda ya sauke shi.

Lokacinmu ya cika. Masu tafiya Allah ya kai lafiya, masu kiwo Allah ya tsare garke. Sai mako mai zuwa in mai duka ya kai mu. Wassalamu alaikum.